Masu Ɗaukar Hoton Taurari A Jos: Ba Kullum Ne Laifin Na'ura Ba

Garin Jos yana daga cikin wuraren da Allah ya yi wa baiwar sararin sama mai kyau a ƙasar nan. Garin yana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 1,200 daga gaɓar teku, duwatsun Shere kuwa da ke gabas da shi sun haura mita 1,800. Saboda haka mutumin da ya tsaya a Jos Jarawa da dare ya ɗaga kai, ya riga ya bar wani kaso na iska mai nauyi da tururi a ƙarƙashinsa, wanda tilas ne mutumin Ikko ko na Fatakwal ya duba ta cikinsa. Bugu da ƙari, garin yana kusan digiri 10 ne kacal arewa da layin da ya raba duniya biyu, wato ke nan taurarin arewa da na kudu duk sukan bi ta sararinsa. Taurarin nan huɗu na kudu masu siffar gicciye, waɗanda mutumin London ba ya ganinsu har abada daga gidansa, a Jos sukan ɗaga har digiri 20 sama da doron ƙasa.

To, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duk wanda ya tara kuɗi ya sayo madubin hangen nesa da kyamara daga ƙasashen waje don ya ɗauki hoton taurari, akwai wata matsala guda da ke jiransa tun a daren farko. Maimakon taurarin su fito zagayayyu kamar ƙwayar gero, sai su fito dogaye kamar ƙwayar shinkafa, wani lokaci ma da wutsiya. Mutane da yawa daga nan sukan yanke hukunci cewa an sayar musu da jabun kaya, su sake zuba kuɗi a kan wata na'ura, ko kuwa su naɗe kayan su jefa ƙarƙashin gado. Alhali kuwa kowane irin aibi yana barin alamarsa ta daban, kuma a wuri kamar Jos yawancin aibin daga wurin yake tasowa, da yadda aka kafa na'urar a cikinsa.

Sama Ba Ta Tsayawa

Tushen matsalar shi ne duniya tana juyawa. Takan kammala juyi guda a cikin awa 23 da minti 56 da sakan 4, shi ya sa taurari suke tafiya daga gabas zuwa yamma, digiri 15 a kowace awa. Masana ilmin falaki sun raba digiri guda kashi 60, kowane kashi suna kiransa mintin kusurwa, suka sake raba wannan kashi 60, wato sakan na kusurwa. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar wannan awo, faɗin wata daren sha huɗu kimanin sakan 1,800 ne na kusurwa.

Tauraron da ke tsakiyar sama yana gusawa sakan 15 na kusurwa a kowane sakan guda na agogo. Abubuwan da masu wannan sana'a suke nema kuwa, irin su hayaƙin taurari da gungun taurari masu nisa, haskensu ya yi rauni ƙwarai, sai an bar idon kyamara a buɗe na minti uku ko biyar kafin su fito. A cikin minti biyar tauraro ya riga ya yi tafiyar da ta kai faɗin wata biyu da rabi. Don haka ake ɗora madubin a kan wani mazauni mai inji, wanda ke juya shi sannu a hankali daidai da tafiyar sama.

Sai dai babu injin da ɗan Adam ya ƙera da zai bi sama ba kuskure. A madubi mai tsawon haske milimita 400 da irin kyamarorin da ake sayarwa yanzu, kowace ƙwayar hoto guda tana ɗaukar kimanin sakan 2 na kusurwa. Kuskuren sakan 5 ko 6 kawai ya isa ya mai da tauraro shinkafa. Dalili ke nan da aka ƙirƙiro dabarar bin sawu, wato a zaɓi tauraro guda a matsayin jagora, a zuba masa ido, da ya gusa a gyara.

Daga Ido Zuwa Kwamfuta

Wannan dabara ta daɗe. A ranar 30 ga Satumba, 1880, wani likita a Amurka, Henry Draper, ya ɗauki hoton farko na hayaƙin taurarin Orion, ya bar farantin hoton a buɗe kimanin minti 50. A 1883 Andrew Ainslie Common ya ɗauki wanda ya fi shi kyau da madubi mai faɗin inci 36 a lambun gidansa da ke Ealing a London. A watan Disamba na 1888 kuma Isaac Roberts, wani ɗan kasuwa mai aikin gine-gine, ya ɗauki hoton gungun taurarin Andromeda daga gidansa kusa da Liverpool, aikin da ya ci awa huɗu. Roberts ya haɗa madubi biyu ne a kan mazauni guda, babba mai inci 20 don ɗaukar hoto, ƙarami mai inci 7 don lura da tauraron jagora. Duk ukun ba da wannan aiki suke cin abinci ba, sha'awa ce ta kai su.

A wancan zamani mutum ne da kansa yake manna ido a madubi cikin sanyi, yana gyara da hannu har a gama. Sai wajen ƙarshen shekarun 1980 wani kamfani a jihar Kalifoniya mai suna SBIG ya fito da wata 'yar na'ura, ST-4, wadda ta karɓi wannan wahala daga hannun masu sha'awa. A yau akasari ana amfani ne da wata manhaja ta kyauta mai suna PHD2, wadda ta samo asali daga aikin wani masani Ba'amurke, Craig Stark. Ƙaramar kyamara tana ɗaukar hoton tauraron jagora kowane sakan biyu ko uku, manhajar ta auna inda ya gusa, ta umarci injin ya komar da shi. Tana kuma zana layi biyu a fuskar kwamfuta, ɗaya na kuskuren gabas da yamma, ɗaya na arewa da kudu. Waɗannan layuka su ne takardar asibitin na'urar, wanda ya iya karanta su ya san ciwon. Masu aikin sukan ɗauka cewa idan matsakaicin kuskure ya tsaya wajen sakan guda na kusurwa, ƙaramin madubi ba ya bukatar fiye da haka.

Tauraron Arewa Ya Yi Ƙasa

Aibi na farko, kuma wanda ya fi damun mutumin Jos, shi ne saitin ginshiƙin da mazaunin ke juyawa a kai. Wajibi ne wannan ginshiƙi ya fuskanci cibiyar sama ta arewa daidai wa daida, wato wurin da dukan taurari ke kewayawa. Alamar wurin ita ce Tauraron Arewa, wanda ke nesa da ainihin cibiyar da kusan kashi biyu cikin uku na digiri. A London wannan tauraro yana sama da digiri 51, ya fi rabin hanya zuwa tsakiyar kai. A Jos kuwa digiri 10 ne kawai, wato kimanin faɗin dunƙulen hannu idan mutum ya miƙe shi gabansa. Katanga, ko itacen mangwaro, ko dutse, kowanne yana iya rufe shi. Ko da fili ya samu, hasken da ke zuwa daga wannan ƙasa-ƙasa yana ratsa iskar da ta ninka ta tsakiyar kai fiye da sau biyar, ga hazo, ga hayaƙin gari. Iskar ma takan lanƙwasa hasken ta ɗaga tauraron wajen minti 5 na kusurwa daga inda yake a gaskiya.

Littattafan da ke zuwa cikin kwalin na'ura an rubuta su ne don mutanen Turai da Amurka, ba su cika yin la'akari da wannan ba. Haka ma ƙirar mazaunin kanta. Idan aka kwantar da ginshiƙin zuwa digiri 10, ƙarfen nauyin da ke daidaita madubi yakan bugi ƙafar arewa ta mazaunin a wasu na'urorin. Maganinsa shi ne a juya kan mazaunin yadda ƙarfen zai wuce tsakanin ƙafafu biyu, tare da ɗaura wani nauyi a ƙasa kada ya kife, ko kuwa a ƙara masa wuya na ƙarfe ya ɗaga. Kafin mutum ya sayi kowane mazauni, ya kamata ya tabbatar yana sauka har digiri 10.

Alamar kuskuren saiti a fili take. Layin arewa da kudu zai dinga zamewa gefe guda sannu a hankali, manhaja tana ta turo gyara ta fuska ɗaya. Lissafin kuwa sananne ne: kuskuren minti 10 na kusurwa yana iya jawo zamiyar sakan 2 da rabi a kowane minti na agogo. Idan kuskuren ya yi yawa, ko manhaja ta riƙe tauraron jagora gam, taurarin gefen hoto za su fito a lanƙwashe kamar suna kewaya shi.

Abin farin ciki, ba dole ne a ga Tauraron Arewa ba. Da rana ma ana iya gano arewa ta gaskiya. A watannin Nuwamba zuwa Janairu rana tana karkata kudu, saboda haka inuwar zaren da aka rataya wa dutse, a daidai lokacin da ta kai ƙarshen gajartarta gab da zawali, tana nuna arewa sak. Sai a ja layi a ƙasa a ajiye. Da dare kuma a zaɓi tauraro a tsakiyar sama, ɗan kudu da tsakiyar kai, a tsai da gyara, a lura da zamiyarsa, a juya mazaunin hagu ko dama har zamiyar ta tsaya. Sa'an nan a koma ga wani tauraro ƙasa-ƙasa a gabas ko yamma a gyara tsayin ginshiƙin. PHD2 tana da sashen da ke taimakawa a wannan, wata manhajar kyauta kuma mai suna N.I.N.A. tana iya lissafa kuskuren daga hotuna uku na kowane ɓangaren sama. Wanda yake da tsakar gida tasa, in ya samu saiti mai kyau, sai ya yi wa gurbin ƙafafun alama da siminti, ya huta da maimaita aikin daga farko.

Ciwon Haƙoran Giya

Aibi na biyu yana cikin injin. Abin da ke juya mazauni wata 'yar sanda ce mai zare kamar na sukurun ɗauri, tana tura babbar giya mai haƙora. Ba a taɓa ƙera sandar ta yi daidai ɗari bisa ɗari, don haka a kowane juyi nata inji yakan ɗan yi sauri, ya ɗan yi nawa. A mazaunin EQ6, wanda giyarsa ke da haƙora 180, juyin yana ɗaukar kimanin minti 8. A HEQ5 mai haƙora 135, ya ɗan haura minti 10 da rabi. Idan aka tsai da gyara aka ga layin gabas da yamma yana hawa yana sauka yana maimaita kansa a daidai wannan lokaci, to an kama mai laifi. Wannan ba abin tsoro ba ne, gama don shi aka yi dabarar bin sawu, kuma muddin hawan da saukar a hankali suke, manhaja za ta shanye su.

Wanda ya fi wuya shi ne ratar da ke tsakanin haƙora. Idan manhaja ta umarci injin arewa da kudu ya juya baya, sai sandar ta yi ta juyawa a banza kafin ta kama haƙori, tauraron yana can yana gusawa, daga baya kuma ta kama da ƙarfi ta zarce. Layin sai ya fito kamar haƙoran zarto. Ana rage wannan ta hanyar matse giyar da lura, ko a umarci manhaja ta dinga gyara ta fuska guda kawai. A ɓangaren gabas da yamma kuwa, masu aikin sukan bar gefen gabas ya ɗan fi nauyi, domin haƙoran su kasance a manne kullum.

Akwai kuma abin da Jos ke ƙarawa. Ƙurar hunturu tana shiga cikin man giya ta zama kamar yashi, sai a ga layin yana zabura ba gaira ba dalili. Sanyin Disamba da Janairu, wanda kan sauka wajen digiri 10 da dare, yana sa man mai arha ya yi kauri. Wutar lantarki ma abin lura ce. Waɗannan injuna da bolt 12 suke aiki, idan batir ya yi sanyi can tsakar dare sai inji ya fara tsallake. Batir mai kyau da aka cika da rana ya fi dogaro da wutar gari ko ƙaramin janareta, wanda girgizarsa kaɗai ta isa ta ɓata hoto in yana kusa.

Iska Da Hazo Da Duwatsu

Aibi na uku ba ya cikin na'ura sam. Ƙyaftawar da taurari ke yi, wadda ke ba yara sha'awa, ita ce babbar abokiyar gabar mai ɗaukar hoto. Iska mai zafi da mai sanyi ne ke cuɗanya suna karkatar da haske, sai tauraro ya yi ta rawa sau da yawa a cikin sakan guda. Idan aka sa kyamarar jagora tana ɗaukar hoto kowane rabin sakan, manhaja za ta ɗauki rawar nan a matsayin kuskuren inji, ta yi ta fizgar mazaunin tana bin inuwa. Alamarsa ita ce layuka biyun duka su rikice lokaci guda, ba tsari. Magani shi ne a tsawaita ɗaukar zuwa sakan 2 ko 3 ko 4, a rage ƙarfin gyara, a kuma bar manhaja ta yi amfani da taurari da yawa a lokaci guda maimakon ɗaya.

A nan ma wuri yana da tasiri. Manyan duwatsun da suka kewaye Jos suna shan rana wuni guda, da dare su yi ta fitar da zafin. Haka rufin kwano da daɓen siminti. Wanda ya kafa madubi a kan falalen dutse don neman tsayi, ko ya auna shi ta saman rufin maƙwabci, ya sa kansa cikin rawar iska da hannunsa. Ƙasa mai ciyawa ta fi, kuma bayan tsakar dare sama takan fi natsuwa. Kusa da tsofaffin kududdufan haƙar kuza kuwa, raɓa ce ke sauka a kan gilashi, tauraron jagora ya dushe har manhaja ta ce ya ɓace.

Lokacin shekara shi ma sai an zaɓa. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina ce, Yuli da Agusta kuwa da wuya a samu dare guda garau. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta shimfiɗa hazo. Hazo yana rage hasken tauraron jagora, iskar kuma tana kaɗa madubin, wanda ke fitowa a layi kamar tsalle na farat ɗaya. Ranakun da suka fi daraja su ne na ƙarshen Oktoba da watan Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sama kafin ƙura ta sauka, lokacin da Kaza da 'Ya'yanta ke fitowa da almuru su kwana a sama. Idan aka cire darare masu farin wata, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk gwajin inji da koyon manhaja a yi su a daren farin wata ko na hazo, a bar darare masu kyau don ɗaukar hoto.

Layi Ya Miƙe, Hoto Ya Lalace

Aibi na huɗu shi ne mafi ruɗarwa. Manhaja za ta nuna komai lafiya, layuka a miƙe, amma hoto ya fito da shinkafa. Abin da ke faruwa shi ne ƙaramin madubin jagora yana ɗan gocewa daga jikin babban madubi yayin da mazauni ke juyawa. Manhaja tana riƙe da taurarinta da gaskiya, babban madubi kuwa ya sauya alƙibla ba ta sani ba. A madubi mai tsawon haske milimita 400, gocewar da ba ta kai kaurin gashin kai ba ta isa ta ja tauraro ƙwayoyin hoto da yawa. Ana gane wannan idan aka jera hotunan dare guda aka ga taurarin suna gusawa gefe ɗaya daga wannan hoto zuwa na gaba. Sukurun da bai ɗauru ba, ko wayar da ke lilo tana jan kyamara, su ne galibi sanadi. A ɗaure komai tam, a tattara wayoyi a jikin mazauni. In abin ya ƙi, akwai wata 'yar na'ura mai ƙaramin gilashi da ke tsinto haske daga cikin babban madubin kansa ta kai wa kyamarar jagora, ta yadda ido biyun za su zama suna kallo ta ƙofa guda.

Har wa yau akwai kuskuren da ke faruwa tun kafin a fara. A farkon aiki manhaja takan gwada injin don ta san yadda yake amsa umarni. Wannan gwaji ana yinsa ne da tauraron da ke kusa da layin tsakiyar sama, wanda a Jos yake digiri 10 kudu da tsakiyar kai, kuma sai an ba manhaja tsawon hasken madubin jagora daidai. Idan gwajin ya karkace, duk gyaran da zai biyo baya a karkace zai tafi.

Abin da masu gogewa a wannan fage suke nanatawa shi ne a bi abin daki-daki. A fara da ƙasa da ƙafafu, sa'an nan daidaita nauyi da wayoyi, sa'an nan saitin ginshiƙi, sa'an nan gwajin manhaja. A tsai da gyara na 'yan mintoci a kalli halin injin shi kaɗai. A sauya abu guda a lokaci guda, a rubuta sakamakon a littafi tare da kwanan wata da yanayin sama. Wanda ya murɗa abu biyar a dare guda, ko hoton ya gyaru ba zai san wanne ya gyara shi ba.

Jos ba baƙuwar ilmin sararin sama ba ce. A nan Cibiyar Nazarin Hotunan Tauraron Ɗan Adam ta Ƙasa take, wadda ke ƙarƙashin hukumar NASRDA da aka kafa a 1999, a garin Toro na jihar Bauci kuma, nan kusa, hukumar tana da cibiyar auna siffa da motsin ƙasa. Ga Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafafunta tun 1975, da sashenta na kimiyyar lissafi da na fiziya. Da waɗannan wurare za su ware wani fili mai duhu a wajen gari, su kafa ginshiƙin siminti da aka saita sau ɗaya, su buɗe wa ɗalibai da masu sha'awa a watan Nuwamba, da an kawar da rabin wahalar da aka zayyana a sama. Kafin wannan lokaci, abin da ya rage wa mai madubi shi ne haƙuri da littafin rubutu, da sanin cewa Common da Roberts da idanunsu kawai suka yi abin da ake tunawa da su har yau.